Ranar da Rezin Ya Yi Ja

Dutse Alhaji, Abuja
8 ga Janairu, 2024

Kawu Badaruddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Zakiyya da yara. Yaya zafin Penang, yaya kuma ciwon bayan? Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Umma da ke tashi in ta daɗe a tsaye. Ta ce in gaida ɗan baffanta da ya tafi Maleshiya koyarwa ya manta da miyar kuka.

Ka ce ba ka son saƙon murya, wai mai ilimi ya zauna ya rubuta. To ga ni na zauna.

Kawu, aikin feftayid ɗin, 'yar sarƙar amino asid ɗin nan, ya kammala. Na bi takardar da ka aiko mini a watan Oktoba layi-layi. Amino asid goma sha biyu ne, na ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan rezin, waɗannan ƙwayoyin folima, dangin roba, da ba su kai ƙwayar gero ba. A ɗora ɗaya, a wanke, a gwada, a buɗe bakinsa, a ɗora na gaba. Umma ta tambaye ni abin da nake yi duk yini, na ce mata tasbaha nake tsirawa wadda ido ba ya gani. Ta ce to Allah ya sa da lada.

Bayan kowane ɗori na yi gwajin Kaiser kamar yadda ka rubuta. In ɗebi 'yan ƙwayoyi, in ɗiga magani, in ɗumama. In sun yi shuɗi, ɗorin bai kama ba, sai a sake. In sun tsaya rawaya, a wuce. Da ɗauke wuta da jiran janareta, mako bakwai abin ya ci. Ranar Alhamis na yanke shi daga rezin da asid, na busar. Farin gari ne da bai cika bakin cokali ba.

Na'urarmu ta auna nauyi ta fi shekara a kwance, shi ya sa na ba Nafeesa, ɗalibarka da ta zo hutu, rabin garin a ƙaramar kwalba. Jibi za ta taso. A lissafina nauyin ya kamata ya fito 1,387.

Ka san abin da ke rataye da wannan lamba. Kwantiragina na shekara biyu a cibiyarmu zai ƙare ƙarshen Maris, kwamiti kuma zai zauna ranar 12 ga Maris. In na kai musu takardar awo da ta nuna feftayid ɗin daidai ne, za a tabbatar da ni a aiki, a bar ni in ci gaba da ɗaure shi a folimar da za a yi maganin gyambo da ita. In ban kai ba, gurbi ɗaya ne, kuma akwai masu jira.

Akwai wata 'yar magana a kan mataki na bakwai, amma ba ta kai a dame ka ba.

'Yarka,
Ummukulthum

Penang
19 ga Janairu, 2024

Uwata,

Wa alaikumus salam. Sunan mahaifiyata kika ci, don haka ko kin zama farfesa Uwata zan ci gaba da kiranki, sai ki yi haƙuri. Muna lafiya. Bayan ya yi sauƙi tun da Zakiyya ta ƙwace kujerar da nake so ta ba ni wadda likita yake so. Ki ce wa Umma miyar kuka tana raina, kukar ce babu.

Nafeesa ta iso, kwalba ta iso, ko ɗigon danshi bai shige ta ba. Na ɗaga ta a haske na ce wa abokin ofishina, ka ga wannan? A Abuja aka yi shi, da wutar da ke zuwa ta koma kamar baƙon da ya yi ɓatan gida. Bai yarda ba sai da na nuna masa sunanki a jiki.

Akwai layi a kan na'urar, amma na sa mana suna, ranar Juma'a mai zuwa ne. Ki kwantar da hankalinki. Takardar nan da kika bi ba ta jiya ba ce. Tun ina Zariya nake aiki da ita, ta yaye ɗalibai goma sha ɗaya, babu wanda ta taɓa ba kunya. Wanda ya bi ta ido rufe ma zai isa gida.

Mataki na bakwai kuwa, kowane ɗalibi yana da matakin da ke tsorata shi. Nawa na huɗu ne, a 1994. Kada ki sa shi a rai.

Ki fara ɗinkin da za ki sa ranar da za a tabbatar da ke.

Kawunki,
Badaruddeen

Dutse Alhaji
9 ga Fabrairu, 2024

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta ɓoye ka. Mu nan ƙalau. An canza wa Umma magani, yanzu har kasuwa take zuwa da ƙafarta.

Juma'ar da ka ce ta wuce da mako biyu. Na san kana da ayyuka, ban kuma rubuto don in matsa maka ba. Sai dai Oga Lawal, shugaban ɗakin gwajinmu, kullum ya gan ni sai ya ce, "Madam, ina result ɗin Farfesa?" Har hoton takardarka ya sa aka ɗauka aka manna a bango kusa da sikeli, wai yara su ga yadda manya ke tsara aiki. Shi aikinsa tatso magani daga ganye da saiwa ne, feftayid ba fanninsa ba ne, amma sunanka kawai ya gani ya gamsu.

Kowace safiya a cikin mota daga Dutse har gari wayata tana hannuna ina duba saƙo. Jiya sai da na wuce inda nake sauka.

Saura kwana talatin da biyu. In na'urar ce ta samu matsala, ka gaya mini, ba zan ji komai ba.

'Yarka,
Ummukulthum

Penang
21 ga Fabrairu, 2024

Uwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, na'ura ma lafiyarta ƙalau. A gaida Umma.

Na ga sakamako. Ban ji daɗin abin da na gani ba, kuma na san daga inda abin ya fito. Ban taɓa zaton haka za ta faru tsakanina da ke ba. Ki ba ni kwana biyu, har yanzu ban san da wane baki zan yi maganar ba.

Badaruddeen

Dutse Alhaji
13 ga Maris, 2024

Kawu,

Assalamu alaikum, barkanmu da shiga azumi. Ina fatan kun ɗauka lafiya. Umma tana yi, duk da likita ya ce ta bi a hankali.

Mako uku ke nan da wasiƙarka, ban amsa ba, kai ma ba ka ƙara ba. Na karanta ta ya fi sau ashirin. Da na zo inda ka ce ka san daga inda abin ya fito, sai na ji kamar an yaye mini mayafi a tsakiyar kasuwa. Na gane ka gano ni. Sau biyu na ɗauki waya zan kira ka na ajiye.

Ba sai ka gaya mini lambar ba. Nauyin ya gaza da casa'in da tara, ko ba haka ba? Nauyin balin ke nan, amino asid na bakwai, shi ne bai hau ba.

Ga abin da ya faru. Amino asid na shida furolin ne. Da na ɗora shi na buɗe bakinsa don na bakwai ya hau, na yi gwajin Kaiser ina jiran shuɗi, tunda buɗaɗɗen baki shuɗi yake bayarwa. Sai ƙwayoyin suka yi ja-ja, kamar ruwan zoɓo da aka tsinka. Janet tana gefena. Ba ka san ta ba, 'yar Kuje ce, shekararta goma sha ɗaya tana kula da kayan ɗakin gwajin. Ta leƙa ta ce da Hausarta ta 'yan Kuje, "Ummu, wannan abu bai yi blue ba fa. Ka tabbata wannan test yana ganin furolin?"

A ranar na duba littafi. Ba ya gani, Kawu. Bakin furolin daban yake da na sauran, ko a buɗe yake gwajin Kaiser ba zai yi shuɗi ba. Gwajin kuloranil ake yi masa, kuma in balin ne zai hau kansa, sau biyu ake ɗorawa don da ƙyar yake kamawa. Janet ta ce tana da wata ƙawa a Gwagwalada da za ta sam mana kuloranil, kwana biyu kawai.

Na rubuta maka saƙo a ranar. Na ce, Kawu, ina ganin akwai gyara a takardarka. Na zauna ina kallon kalmar gyara. Ni, da kai ka cika mini fom ɗin jami'a, kai ka kai ni Zariya da akwatina a bayan motarka, in ce maka ka yi kuskure? Na goge. Na ce wa raina wataƙila akwai abin da ka sani da littafin bai sani ba. Na ɗora balin sau ɗaya, na yi gwajin Kaiser, bai yi shuɗi ba, na rubuta "ya kama" a littafin aikina, alhali na san gwajin makaho ne a wurin. Janet ta dube ni, ta je ta wanke kwalabe.

Za ka ce me ya hana in sake tun Janairu. Rezin da amino asid ɗin suna kulle a firjin Oga Lawal. In zan roƙi wasu sai na faɗi dalili, dalilin kuma yana manne a bango da sunanka a ƙasa. Sai na zauna ina addu'a ko Allah zai sa balin ya hau da kansa.

Jiya kwamiti ya zauna. Na shiga hannu wofi. Darakta, Dakta Halimat, ta ce, "Ina takardar awo?" Na ce babu, kuma ko ta zo ba za ta yi kyau ba, na yi musu bayanin balin. Ta cire tabarau ta ce, "Tsarin da kika bi ne ya kai ki, ko ke kika kauce?" Oga Lawal ya yi caraf ya ce tsarin Farfesa ne, ba a maganar tsari. Duk suka juyo suna kallona.

Na ce tsarin lafiyarsa ƙalau, ni ce ban yi gwajin da ya dace ba.

Ba su daɗe ba. Ba za a sabunta kwantiragina ba, ranar 31 ga wata zan miƙa makulli. A bakin titi Janet ta same ni ina jiran mota, ta ce, "Ummu, why? Ni na gani da idona, paper ne ya yi kuskure." Na ce mata ta bar maganar. Ta ce, "Ku Hausawa da kunya, wallahi za ta kashe ku."

Ban gaya wa Umma ba tukuna. Ɗinkin yana wurin tela, ta matsa in je in karɓo.

Ka yafe mini, Kawu. Ka yi alfahari da ni a gaban abokin aikinka, na sa ka ɗaga kwalbar banza a haske. Na san abin da ya dace na ƙi yi, sannan na aiko maka da shi ban faɗa ba. Kunyar da nake ji ba ta rubutuwa.

'Yarka,
Ummukulthum

Penang
14 ga Maris, 2024

Ummukulthum,

Wa alaikumus salam. Lafiyar jiki muna da ita. Yau ba zan iya kiranki da sunan da na saba ba, don mai sunan ba ta haifi matsoraci ba, ga shi kuwa na zama.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba ke nake nufi ba. Wallahi ba ke nake nufi ba. Da na ce na san daga inda abin ya fito, kaina nake nufi.

Sakamakon ya fito tun 26 ga Janairu. Babban layin ya tsaya a 1,288, na daidai ɗin kuwa ɗan tsiri ne a gefe, bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Minti biyar bai cika ba na gane. Na buɗe takardar da na aiko miki na ga abin da na yi. Tsohuwar takardata ce ta Zariya, na canza jerin amino asid ɗin kawai na tura miki tsakanin lacca da taro. Duk ɗalibai goma sha ɗayan nan da nake taƙama da su, babu wanda feftayid ɗinsa ke da furolin. Abin da nake koya wa 'yan aji uku kowace shekara shi na manta a takardar 'yar gidanmu.

Ranar nan saura miki kwana arba'in da shida. Da na rubuto a ranar, da kin sake, da kin aiko, da na auna, har da ragowar kwana. Na lissafa wannan a ranar, ina sane. Amma mako ɗaya kafin nan na ce miki a bi takardata ido rufe. Na fara wasiƙa na bari. Na ce gobe. Na sake auna garin sau uku ina neman na'ura ta ɗauke mini laifi, ta ƙi. Da kika rubuto cewa an manna takardar a bango, sai abin ya ƙara nauyi. Wasiƙar 21 ga Fabrairu ita ce iyakar ƙarfin halina, kin ga kuwa yadda ta fito. Da kika yi shiru na ɗauka kin gano kuskurena kin yi fushi, na ce kina da gaskiya, na ƙara noƙewa.

Kin ce mini akwai magana a mataki na bakwai. Na mayar da ita wasa, na ba ki labarin 1994. Ko tambaya ban yi ba.

Jiya Zakiyya ta same ni da wasiƙarki a hannu, na karanta mata. Ta ce, "Yarinya ta tsaya gaban mutane ta rufa maka asiri da aikinta, kai kuma kana nan kana jin kunyar ta san ka yi kuskure." Ban iya cin abincin buɗa-baki ba.

Na rubuta wa Dakta Halimat wasiƙa, ga ta na haɗa miki tare da takardar awon. Na faɗi cewa kuskuren tsarin nawa ne, da ranar da na sani, da kwanakin da na yi shiru. Ba zan aika ba sai kin ce, tunda za ta nuna abin da kika faɗa wa kwamiti ba haka yake ba. Ki karanta ki yanke.

Ban san yadda babba ke roƙon yaro gafara ba, ba a koya mana ba. Ki yafe mini.

Badaruddeen

Dutse Alhaji
19 ga Maris, 2024

Kawu,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. A gaida Inna Zakiyya, a ce mata na gode. Umma tana lafiya. Na gaya mata ranar Asabar. Ta ce, "Badaru ne ya yi haka?" Na ce mu biyu muka yi. Ta ce in dai je in karɓo ɗinkin, ga Sallah tafe.

Kwana biyar na yi ina juya amsar nan. Na san abin da ake cewa in babba ya ba da haƙuri. Ana cewa babu komai, Kawu, wallahi babu komai. Har na rubuta hakan, na ga irin rubutun da na yi ne a littafin aikina ranar balin, sai na goge. Akwai komai. Ina son aikin nan. Ina son warin ɗakin, ina son in ga ƙwayoyin sun kumbura a cikin ruwa. Kwana arba'in da shida sun yi mini ciwo, kuma za su daɗe suna yi. Na yafe maka, har zuciyata. Ni ma ka yafe mini, don ni na fara yin shirun.

Jiya na je wurin Dakta Halimat da kaina na gaya mata na yi wa kwamiti ƙarya. A ofishinta na saman bene na same ta. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce gurbin an riga an ba wani, kwamiti kuma ba zai sake zama ba sai baɗi. Ta ce kuskuren gwaji kowa na yi, abin da ya dame ta shi ne "ya kama" da na rubuta da hannuna. Ta ce in wasiƙarka ta zo za ta sa a fayil ɗina.

Da na sauko na cire takardar daga bango. Oga Lawal yana kallo, bai hana ni ba. Janet ta karɓa ta ce za ta rubuta kuloranil a gefenta da jan biro ta mayar, saboda wanda zai zo bayana.

Ka aika wasiƙar. Sai dai akwai abu ɗaya. A sakin layi na biyu ka ce ɗorin da ya faɗi shi ne mataki na shida. Furolin ne na shida. Balin na bakwai ne.

Ka yi kuskure, Kawu. Ka gyara kafin ka aika.

'Yarka,
Ummukulthum